ZAƁEN FIYA DA NUNAR DA ITA: DARASI GA MANOMA

GABATARWA

Fiya, wadda waɗansu ke kira piya, itaciya ce mai amfani ƙwarai ga ƙaramin manomi. Ko bishiya biyu ko uku gare ka a bayan gida, za su ciyar da iyali, har a sami na kaiwa kasuwa. A Nijeriya fiya ta fi yin kyau a wurare masu isasshen ruwan sama da ɗan sanyi, kamar tsaunukan Jos, da kudancin Kaduna, da tsaunin Mambila a Jihar Taraba, da kuma jihohin kudu. A Kamaru ma ana noma ta da yawa, musamman a yammacin ƙasar.

To, amma kowace shekara manoma na yin asarar da ba ta kamata ba. Wani ya ga farashi ya tashi, sai ya kakkaɓe bishiyarsa tun 'ya'yan ba su ƙosa ba. Wani kuma ya cusa fiya a buhu, ya ɗora a mota cikin rana. Kafin a kai kasuwa rabi ya ruɓe, rabi ya yanƙwane bai nuna ba. Wanda ya saya sau ɗaya ya ga haka, ai ba zai sake dawowa wurinka ba.

Wannan darasi zai koya maka abubuwa huɗu: yadda za ka gane fiyar da ta ƙosa, yadda za ka tsinke ta, yadda za ka nunar da ita a gida, da kuma yadda mutanen ƙasar Meziko ke sarrafa ta su yi abincin nan da suke kira gwakamole.

1. ASALIN FIYA DA IRE-IRENTA

Asalin fiya daga Meziko ne da ƙasashen Amurka ta Tsakiya. Mutanen can sun yi dubban shekaru suna cin ta kafin Turawan Sifen su isa Meziko a 1519. Daga wannan yanki ne kuma aka samo masara da barkono, can ne kuma aka fara noman tumatir sosai. Har yau Meziko ce ta fi kowace ƙasa noman fiya a duniya, kuma Jihar Michoacan ce kan gaba a cikinta. A Afirka kuwa, Kenya na cikin ƙasashen da suka fi fitar da fiya zuwa ƙasashen waje.

Masana sun kasa fiya jinsi uku:

(a) Jinsin Meziko. 'Ya'yanta ƙanana ne, bawonta siriri, tana da mai da yawa, tana kuma jure sanyi.

(b) Jinsin Gwatamala. Bawonta kauri gare shi da kaushi, kuma tana daɗewa a bishiya kafin ta ƙosa.

(c) Jinsin ƙasashe masu zafi. 'Ya'yanta manya ne, bawonta santsi, ruwa ya fi yawa a cikinta, mai kuwa kaɗan ne. Ita ce ta fi jure zafi.

Daga cikin iri masu suna, biyu sun fi shahara. Na farko shi ne Hass. Wani ma'aikacin gidan waya mai suna Rudolph Hass ne ya shuka uwar bishiyar a Jihar Kalifoniya ta Amurka a 1926, ya kuma yi mata rajista da sunansa a 1935. Bawonta kaushi gare shi, in ta nuna kuma sai ya yi duhu, ya kusa zama baƙi. Na biyu shi ne Fuerte, wadda aka kai Kalifoniya daga Meziko a 1911. Ita tsayi gare ta, bawonta santsi, kuma ko ta nuna ba ta barin kore.

Abin lura: yawancin fiyar da ke gidajenmu daga ƙwallo aka shuka ta. Irin wannan ba lallai ne ta yi kama da uwarta ba, kuma takan yi shekara 5 zuwa 10 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Fiya mai aure kuwa takan fara a shekara 3 ko 4, kuma irin da aka aura shi za ta haifa. Saboda haka kowace bishiya da halinta. Sai ka san taka.

2. ƘOSAWA DABAN, NUNA DABAN

Wannan shi ne tushen darasin duka, sai a natsu a fahimce shi.

Mangwaro da gwaiba suna iya nuna a kan bishiya. Fiya ba haka take ba. Muddin tana maƙale da reshe, ba za ta yi laushi ba. A kan bishiya ƙosawa take yi, wato ta gama girma, ruwan cikinta ya ragu, mai ya taru. Sai bayan an tsinke ta ne take fara nuna.

Abin da ke sa ta nuna wata iska ce da ita kanta take fitarwa, wadda masana ke kira etilin. Ido ba ya ganin wannan iska. Kwanaki kaɗan bayan tsinka sai fiya ta soma fitar da ita da yawa, naman ya yi laushi, ɗanɗano ya fito.

Ga inda matsalar take. Fiyar da ta ƙosa za ta nuna da kyau bayan tsinka. Wadda ba ta ƙosa ba kuwa, ko wata guda ka ajiye ta ba za ta yi daɗi ba. Sai dai bawon ya yanƙwane, naman ya yi danƙo kamar roba, ya yi salam ko ɗaci. Babu wata dabara da za ta gyara fiyar da aka tsinka da wuri. Sauri dai ya haifi nawa.

3. YADDA ZA KA GANE TA ƘOSA

Kada ka dogara da girma kaɗai. Fiya na iya yin girma amma ba ta ƙosa ba. Ka duba waɗannan alamu:

(a) Bawo. Ɗanyar fiya ƙyalli take yi kamar an shafa mata mai. In ta ƙosa sai ƙyallin ya dusashe. Irin masu canza launi kuwa, za ka ga sun soma yin duhu ko ja-ja tun suna bishiya.

(b) Mariƙi, wato ɗan tsinken da ya haɗa ta da reshe. In ta ƙosa yakan soma yin rawaya kusa da jikinta.

(c) Fatar ƙwallo. Yanka ɗaya ka duba siririyar fatar da ta lulluɓe ƙwallon. In fara ce mai kauri da taushi, fiyar ba ta ƙosa ba. In ta yi ruwan ƙasa, ta bushe, ta yi siriri kamar takarda, to, ta ƙosa.

(d) Faɗuwa. In ka ga lafiyayyu suna faɗowa ɗai-ɗai da kansu, ba iska ba, ba tsutsa ba, alama ce lokaci ya yi.

Gwajin da ya fi duka shi ne wannan. Tsinki manya guda biyar ko shida daga sassa dabam-dabam na bishiyar. Ajiye su a ɗaki mai inuwa. In cikin kwana 7 zuwa 10 sun yi laushi ba tare da yanƙwanewa ba, kuma ka ɗanɗana ka ji maiƙo, to, ka fara girbi. In kuwa sun yanƙwane, ka ƙara wa bishiyar mako biyu ko uku, sa'an nan ka sake gwadawa. Ka rubuta watan da kowace bishiya ta ƙosa, domin baɗi ma kusan a lokacin za ta yi.

Masu sayen fiya don kaiwa ƙasashen waje suna da nasu awon. Sukan auna naman, su busar da shi, su sake aunawa. Ga irin Hass, abin da ya rage bayan bushewa ana so ya kai kashi 21 cikin 100. Wanda ke da niyyar wannan ciniki sai ya tuntuɓi Malamin Gona don a nuna masa yadda ake yi.

4. TSINKAR FIYA

Fiya kamar ƙwai take. Ko da yake tana da tauri a hannu, duk inda ta bugu wurin zai yi baƙi in ta nuna. Sai a bi waɗannan ƙa'idodi:

1. Kada a kakkaɓe bishiya da sanda, kada a girgiza ta, kada yara su jefe ta.

2. A yanke mariƙin da almakashi ko wuƙa mai kaifi, a bar ɗan guntu a jikin fiyar, kamar faɗin farcen ƙaramin yatsa. In aka fizge ta mariƙin ya fita, ta wannan rami ruɓa ke shiga. In kuwa aka bar shi da tsawo, zai soki 'yan'uwanta a kwando.

3. Na can sama a yi amfani da tsani, ko doguwar gora da aka ɗaura wa 'yar jaka da wuƙa a baki, don kada fiyar ta faɗo ƙasa.

4. Kada a tsinka ana ruwa, ko bishiya na jiƙe da raɓa. Damshi na taimakon ƙwayoyin cutar da ke kawo baƙin tabo a bawo da ruɓar gindin mariƙi. A jira ta sha iska.

5. Da an tsinka a sa a inuwa. Fiyar da ta sha rana bayan tsinka ba ta nuna daidai.

6. A zuba a kwando ko kwali da aka shimfiɗa wa busasshiyar ciyawa ko takarda. Kada jeri ya wuce uku ko huɗu. Buhu ba abin ɗaukar fiya ba ne, domin na ƙasa ne ke ɗaukar nauyin na sama.

7. Waɗanda suka faɗo ƙasa, da masu rauni ko hujin ƙwaro, a ware su gefe guda. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Ba dole ne ka tsinke duka rana ɗaya ba. Tun da fiya ba ta nuna a bishiya, bishiyar ita ce rumbunka. Fara da manya, ka bar ƙanana su ƙara girma, kana tsinkar abin da za ka iya sayarwa ko ci kowane mako. Amma a lura, jinsin ƙasashe masu zafi ba ya daɗewa a sama bayan ya ƙosa, zubowa yake yi. Hass kuwa tana iya yin watanni. Duk da haka, in 'ya'ya suka daɗe ƙwarai a bishiya, haihuwar baɗi takan ragu.

5. NUNAR DA FIYA A GIDA

Fiya ta fi nuna da kyau a wuri mai matsakaicin sanyi, wajen digiri 18 zuwa 22 a ma'aunin santigireti. In zafi ya haura digiri 30, nunar takan lalace: gefe guda ya yi laushi, gefe guda ya tsaya da tauri, ruɓa kuma ta yi saurin shiga. Wannan ya shafi masu kai fiya garuruwa irin su Kano, da Sakkwato, da Maiduguri, da Maraɗi, inda zafin bazara kan wuce digiri 40. A irin waɗannan wurare sai a nemi ɗakin da ya fi sanyi, ɗakin ƙasa ya fi na kwano, a ajiye ta kusa da randa. Kada a shanya fiya a rana wai don ta yi saurin nuna. Dafa ta kawai ranar za ta yi.

In ba sauri kake yi ba, jera ta a faifai ko tabarma a inuwa, inda iska ke shiga. Ƙosasshiyar fiya za ta nuna cikin mako guda zuwa biyu.

In kana so ta yi sauri, ga dabara mai sauƙi:

(a) Sa fiya huɗu ko biyar a ƙwarya, ko kwali, ko jakar takarda.

(b) Sa nunanniyar ayaba ɗaya ko biyu a ciki. Ayaba tana fitar da iskar etilin da yawa, ita za ta tayar da fiyar.

(c) Rufe da faifai ko takarda, amma ba rufin da iska ba za ta shiga ba.

(d) Buɗe kowace safiya ka duba. Wadda ta nuna ka cire ta.

Da wannan hanya za ka rage kwanaki da dama. Amma kada ka ɗaure fiya a cikin leda. Fiya numfashi take yi ko bayan tsinka. In ta rasa iska sai ta yi gumi, ta yi wari, ta ruɓe.

GARGAƊI: Waɗansu 'yan kasuwa na amfani da kabayid, wato dutsen nan da masu walda ke jiƙawa, don nunar da 'ya'yan itace da ƙarfi. Kada ka yi wannan. Kabayid na ɗauke da guba mai cutar da mai ci da mai aikin, kuma hukumar NAFDAC ta hana amfani da shi wajen nunar da 'ya'yan itace a Nijeriya. Ayaba ta isa.

Game da firiji kuwa, kada a sa ɗanyar fiya a ciki. Sanyi mai yawa na hana ta nuna, ya kuma sa naman ya yi toka-toka. Manyan nan na ƙasashe masu zafi su suka fi saurin lalacewa da sanyi. Sai bayan ta nuna ne za a sa ta, ta ƙara kwana biyu ko uku. Wanda ba shi da firiji yana iya yin tukunya cikin tukunya, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa wannan dabara a ƙauyukan Arewa a shekarun 1990. Ta fi aiki da rani, lokacin da iska ke bushe.

6. YADDA AKE GANE NUNANNIYA

Ɗora fiyar a tafin hannunka, ka ɗan matsa ta da dukan hannun a hankali.

In ta yi tauri kamar dutse, da sauran kwanaki.

In ta ɗan lotsa kaɗan amma ba ta luguiguice ba, ta nuna. A ci yau ko gobe.

In ta yi luguf, ko ka ji kamar akwai rami tsakanin bawo da nama, ta wuce.

Kada a danna da kan yatsa. Duk inda yatsa ya shiga tabo ne. Mai sayarwa ya ware guda biyu na gwaji, kada kowane mai ciniki ya yi ta latsa kayan.

Launi ba ya isa shaida sai ka san irin. Hass takan yi duhu in ta nuna, Fuerte da yawancin manyan nan kuwa kore suke zama. In kana gida kana shirin yankawa, kana iya ɓalle guntun mariƙin. In ya fita da sauƙi, ƙarƙashinsa kore ne ko rawaya, ta yi daidai. In ruwan ƙasa ne, ta soma wucewa. Amma kar ka yi haka ga wadda za ka ajiye, don ka buɗe wa ruɓa ƙofa ke nan.

In saye za ka yi, zaɓi mai nauyi a hannu, mai mariƙi, marar tabo, marar yanƙwana a wuya. Haɗa nunannu da masu tauri, don kada duka su nuna maka rana ɗaya.

7. GWAKAMOLE: KWAƊON FIYA NA MUTANEN MEZIKO

Sau da yawa fiya kan nuna wa manomi da yawa lokaci guda, ya rasa yadda zai yi da ita. Mutanen Meziko suna da hanya mai kyau ta cin ta. Sunan abincin gwakamole, daga harshen Nahuwatil na mutanen Aztek, ma'anarsa miyar fiya. Sukan daka ta a ƙaramin turmin dutse, su ci da wainar masararsu mai faɗi da suke kira totiya. Albasa da lemun tsami daga baya suka shiga cikinsa, bayan zuwan Turawan Sifen. In za mu kwatanta, kamar kwaɗo yake, sai dai ba a sa ƙuli-ƙuli, ba a sa mai, domin fiyar na da nata man.

Kayan haɗi na mutum huɗu zuwa shida:

Nunanniyar fiya matsakaiciya guda 3
Lemun tsami guda 1, ko 2 in ƙanana ne
Rabin ƙaramar albasa
Tumatir mai tauri guda 1
Ɗanyen barkono daidai bakin masu ci
Gishiri rabin ƙaramin cokali
Ganyen koriyanda, in ana samu

Yadda ake yi:

1. A wanke hannu, a wanke dukan kayan da ruwa mai tsabta, har bawon fiyar, don wuƙa na ɗaukar datti daga bawo ta kai cikin nama.

2. A daka barkono da gishiri da rabin albasar a turmi mai tsabta.

3. A tsaga fiyar ta tsawonta, a murɗa ta rabu biyu. A cire ƙwallon da cokali. Kada a soke shi da wuƙa fiyar na hannu, mutane da yawa sun ji ciwo ta haka.

4. A kwashe naman da cokali, a yar da duk inda ya yi baƙi. A murƙushe shi da cokali mai yatsu ko ludayi, amma a bar 'yan gudaji, kada ya zama kamar kunu.

5. A matse lemun tsami nan take, a zuba dakakken barkonon, a juya.

6. A yanka tumatir ƙanana, a zubar da ruwan cikinsa, a zuba tare da sauran albasa da ganyen. A ɗanɗana gishiri.

Fiya mai maiƙo, irin su Hass da Fuerte, ita ta fi dacewa. In manyan nan masu ruwa ne gare ka, sai a rage tumatir da lemun tsami don kada ya tsinke. Ana ci da burodi, ko gurasa, ko dafaffiyar doya, ko dankali, ko shinkafa da wake. Abinci ne mai ƙara ƙarfi, domin naman Hass na da mai wajen kashi 15 cikin 100. Na yara sai a ɗebe kafin a sa barkono.

In gwakamole ya sha iska samansa yakan yi ruwan ƙasa, kamar yadda yankakkiyar doya ke yi. Tsamin lemo na rage wannan. Waɗansu kan jefa ƙwallon fiya a ciki wai don kada ya yi duhu, amma inda ƙwallon ya rufe kaɗai yake karewa. Abin da ya fi shi ne a yi daidai ci, a kuma ci nan da nan. In babu firiji, kada a bar shi ya kwana.

8. A KULA DA DABBOBI

Ganyen fiya, da ƙwallonta, da ɓawon itacen suna ɗauke da wani sinadari mai suna fasin, wanda ke cutar da awaki, da tumaki, da shanu, da dawaki, da zomaye, da tsuntsaye. Yana kumbura hantsar dabba mai shayarwa, nono ya ƙafe, yana kuma taɓa zuciya har ya kai ga mutuwa. In ka yi wa bishiya sassabe, kwashe rassan daga inda dabbobi ke kiwo. Kada a zuba wa kaji ko awaki bawo da ƙwallo.

ABUBUWAN TUNAWA

1. Fiya a bishiya take ƙosawa, a ɗaki take nuna.
2. Yi gwajin guda biyar kafin ka fara girbi.
3. Yanke ta da guntun mariƙi, kada ta taɓa ƙasa.
4. Inuwa, da iska, da ayaba. Ban da rana, ban da leda, ban da kabayid.
5. Gwada nuna da tafin hannu.
6. Nisanta ganye da ƙwallo daga dabbobi.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A ƘUNGIYA

(a) Mene ne bambancin ƙosawa da nuna?
(b) Wane launi fatar ƙwallo ke yi in fiya ta ƙosa?
(c) Don me ake barin guntun mariƙi a jikin fiya?
(d) A wane wata bishiyoyin garinku ke ƙosawa, kuma a wane wata dillalai ke fara zuwa saye?

Don ƙarin bayani game da dashen fiya mai aure da maganin cututtukanta, sai ka ga Malamin Gona na yankinku.